BEGE DA SALAMA CIKIN KWANAKIN ƘUNCI

Jawabin da aka gabatar a sujadar godiya ta cikar wannan ekklesiya shekaru hamsin

 

Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da suka ba mu wannan zarafi. Sun sa bikin nan a watan Disamba, gab da Kirsimeti, kuma mun sani akwai waɗanda suka yi gunaguni a kan haka. Sun ce ana cikin wannan tsadar rayuwa, ina mutum zai sami ƙarfin biki biyu a wata ɗaya? Tambaya ce ta gaskiya. Waɗanda suka yi ta ba marasa bangaskiya ba ne, mutane ne masu iyali da suka san abin da ya rage a rumbu. A kan tambayarsu za mu yi magana yau.

Kalmar nan jubili da aka buga a bangon wannan littafi, asalinta Ibrananci ne, daga sunan ƙahon rago da ake busawa. A Littafin Firistoci sura 25, Allah ya umarci Isra'ila su ƙidaya shekara bakwai sau bakwai, wato 49, sa'an nan a rana ta goma ga wata na bakwai, Ranar Kafara, a busa ƙaho ko'ina cikin ƙasar. A shekara ta hamsin ɗin nan, wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gado, gonarsa za ta koma hannunsa. Wanda bashi ya kai shi ga sayar da kansa, zai koma wurin danginsa. Yanzu ku duba da kyau, wane ne ke kasa kunne yana jiran wannan ƙaho? Attajirin da ya tara gonakin mutane, shekarar asara ce a gare shi. Mai jiran ƙaho shi ne wanda ya sha wuya. Saboda haka idan akwai wanda ya shigo ɗakin sujadar nan yau da nauyi a zuciya, bashi a wuya, ko sabon kabari a bayan gida, to, bisa ga Littafi Mai Tsarki bikin nan nasa ne tun kafin ya zama na mai sabuwar babbar riga.

A cikin wannan sura kuma Allah ya san abin da zai taso a zuciyar manomi idan aka ce masa ya bar gona ta huta: me za a sa a baka? Tun ba a tambaya ba ya amsa, cewa amfanin shekara ta shida zai ishe su har shekara uku. Bai tsauta musu don tambayar ba.

Bari mu waiwaya baya kaɗan. Bisharar da ta kai ga kafa wannan ekklesiya ba da sauƙi ta shigo ƙasar nan ba. A farkon Disamba na 1893, samari uku suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki a lokacin: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kirsimetinsu na farko ke nan a ƙasar nan, kuma ga biyu daga cikinsu shi ne na ƙarshe. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓi ya sāke kora shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. A wajen Zariya kuma, bayan Dakta Walter Miller ya zauna a birnin a 1905, wasu daga cikin Isawa, mutanen da suka daɗe suna girmama Annabi Isa tun kafin su ga Bature mai wa'azi, suka karɓi bishara, aka kafa musu gari a Gimi. Cikin 'yan shekaru cutar barci ta faɗa wa garin, ta kashe da yawa, sauran suka watse. Wanda ya tsaya a kangon Gimi a ranar zai iya rantsewa maganar Kiristanci a bakin Bahaushe ta ƙare. Amma daga 'ya'yan waɗanda suka tsira aka sami iyalan Wusasa da suka ba Arewa likitoci da malamai da limamai, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa.

Ita kanta ekklesiyar nan, iyayenmu sun kafa ta ƙasa tana fitowa daga farin 1973 da 1974. Wasunmu muna yara a lokacin, amma mun ga shanu sun mutu a tsaye, mun ga mutane daga arewa suna tafe da ƙwarya a hannu. Naira kanta jaririya ce, don a watan Janairu na 1973 ta maye gurbin fam da sule. Waɗanda suka aza harsashin aikin nan ba 'yan Udoji ba ne. Manoma ne da leburori da mata masu sayar da ƙosai da daddawa. Baikonsu damin dawa ne da ƙwan kaza da kwabo, mata suka ɗebo ruwa a ka, maza suka kwaɓa ƙasa. Sunayensu suna cikin shafin tarihi na wannan littafi, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Muna roƙon matasa su karanta shafin nan kafin su juya zuwa hotuna.

Tun daga nan, sau nawa Kirsimeti ya same mu cikin tashin hankali? A Disamba na 1980, rikicin Maitatsine ya cinye Kano har ranar Kirsimeti ta zo ta wuce ana harbi, aka rasa rayuka sama da dubu huɗu, akasarinsu maƙwabtanmu Musulmi. An yi farin 1984. An yi tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya mai da albashin ma'aikaci abin dariya. Kafanchan a 1987, Kano a 1991, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001. A jajibirin Kirsimeti na 2010 bama-bamai suka tashi a Jos, mutane suna cefanen biki. Ranar Kirsimeti ta 2011, masu sujada suna fitowa daga majami'ar Katolika ta Madalla, kusa da Abuja, bam ya tashi, mutum sama da talatin suka mutu da kayan bikinsu a jiki. A jajibirin Kirsimeti na 2023 aka afka wa ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi, aka kashe mutum sama da ɗari. Ba don mu tayar da tsohon miki muka jera waɗannan ba. Mun jera su ne don kada wani yaro ya ɗauka cewa iyayensa cikin daɗi suka yi imani, shi ne kaɗai ya gamu da baƙin zamani.

Ga kuma wahalar da ba ta da ƙarar bindiga. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Kirsimetin 2024 kuɗin buhun shinkafa ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a wannan shekarar. A makon da ya gabaci bikin nan ne yara 35 suka mutu cikin turmutsitsi a Ibadan, bayan kwana uku kuma mutum 10 a Abuja da 22 a Okija ta Jihar Anambra, dukansu a wurin rabon abinci da kyauta. Mutum ya fita da asuba neman mudun shinkafa don 'ya'yansa su san ana biki, aka dawo da gawarsa. A 2025 farashin hatsi ya sauka, mai saye ya ɗan numfasa, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da araha. A sassan Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja kuwa, an kai ga manomi ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya girbe abin da ya shuka da guminsa.

To, ina bege cikin wannan? Ina salamar da muke rera waƙarta kowace shekara?

Mu fara da gyara hoton Kirsimeti da ke kanmu. Kalandar bango da katin gaisuwa sun nuna mana ɗaki mai tsabta da dabbobi masu ladabi, kowa na murmushi. Luka bai rubuta haka ba. Ya fara labarin da umarnin gwamnati. Kaisar Augustas yana zaune a Roma ya ce a yi ƙidaya, kuma ƙidayar mai mulkin mallaka don haraji ce. Saboda takardar mutumin da bai san da su ba, Yusufu ya ɗauki mace mai tsohon ciki daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar sama da kilomita ɗari. Iyayenmu mata sun fi mu sanin abin da wannan ke nufi. A garin kakanninsa ba a sami masauki ba, aka kwantar da jariri a komin dabbobi. Da kwana arba'in suka cika suka kai shi Haikali, hadayar da suka miƙa tsuntsaye biyu ce. Wanda ya karanta Firistoci sura 12 ya sani ɗan rago shari'a ta ce a kawo, tsuntsaye biyu rangwame ne ga matar da ba ta da halin rago. Wato gidan da Ubangijin ɗaukaka ya zaɓa ya shiga, gida ne da ba a iya sayen rago. Idan bana kaza ma ta gagare ka, kada ka sunkuyar da kai.

A Haikalin nan tsoho Saminu ya rungumi yaron ya yabi Allah, sa'an nan ya juya ga Maryamu ya faɗa mata cewa takobi zai ratsa zuciyarta. Wa ke faɗa wa mai jego irin wannan magana? Matiyu ya ƙara da labarin Hirudus, wanda ya sa aka kashe yara maza na Baitalami daga shekara biyu zuwa ƙasa. Yusufu ya tashi da dare ya gudu da iyalinsa Masar. Ubangijinmu ya yi zaman gudun hijira tun bai iya tafiya sosai ba. 'Yan'uwanmu da suka baro Gwoza da Michika a 2014, da waɗanda suka baro ƙauyukan Kajuru da Birnin Gwari, suna karanta Matiyu sura 2 da wani ido da mu ba mu da shi. Kuka da waƙar mala'iku a labari ɗaya suke, marubutan bishara ba su ɓoye ko ɗaya ba.

Hatta annabce-annabcen da yaranmu ke haddacewa don wasan Kirsimeti, cikin yaƙi aka faɗe su. Alkawarin Immanuwel a Ishaya sura 7 an ba Sarki Ahaz ne lokacin da sarakuna biyu suka haɗa kai don su ci Urushalima. Hasken da sura 9 ke magana a kai, an yi alkawarinsa ne ga yankin Zabaluna da Naftali, wuraren da sojojin Assuriya suka fara tattakewa wajen shekara 732 kafin haihuwar Kristi. A wannan yanki na Galili ne Yesu ya girma, ya fara wa'azi.

Amma wurin da muke so mu daɗe a kai shi ne Irmiya sura 32, domin ya haɗa jubili da bege a wuri ɗaya. Shekara ta goma ce ta sarautar Zadakiya. Sojojin Nebukadnezzar na Babila sun kewaye Urushalima. Irmiya kansa yana tsare a farfajiyar masu gadi, don sarki bai ji daɗin wa'azinsa ba. Ana cikin haka sai ga Hanamel, ɗan baffansa, ya zo da tayi: saya gonata da ke Anatot, kai ne mai hakkin fansa. Wannan hakki daga Firistoci 25 yake, inda aka ce idan ɗan'uwa ya talauce ya sa gonarsa a kasuwa, dangi na kusa ya fanshe ta kada ta fita daga zuriya. Anatot kuwa 'yar tafiya ce daga Urushalima, wato tana hannun abokan gāba. Ƙari a kan haka, mutanen Anatot ɗin nan ne suka taɓa ƙulla makircin kashe Irmiya, kamar yadda sura 11 ta nuna. A yau ku ɗauka an ce wa mutum ya sayi gona a dajin da 'yan bindiga suka kafa sansani, a garin da aka kore shi, shi kuma yana gidan yari. Ko ɗan ƙaramin dillali zai ce masa ya riƙe kuɗinsa.

Irmiya ya saya. Ya auna shekel 17 na azurfa a ma'auni, ya kira shaidu, aka rubuta takarda biyu, ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe. Ya miƙa wa Baruk a gaban jama'a, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe, domin Allah ya ce za a sāke cinikin gidaje da gonaki a wannan ƙasa. Abin da muke ƙauna a surar shi ne, bayan ya gama ciniki, Irmiya ya koma ga Allah da addu'a yana cewa ga shi birni na shirin faɗuwa, amma an ce masa ya sayi gona. Shi ma abin ya ɗaure masa kai. Ya yi biyayya tukuna, sa'an nan ya kai ruɗewarsa wurin da ya dace.

Birnin ya faɗi, aka ƙone Haikali. Daga baya aka tafi da Irmiya Masar ba da sonsa ba, kuma Littafi Mai Tsarki bai nuna ya taɓa sa fartanya a gonar nan ba. Amma ku buɗe Ezra sura 2, jerin sunayen da yawancinmu ke tsallakewa in mun zo karatu. Cikin waɗanda suka komo daga bauta a Babila, an lissafa mutanen Anatot 128.

Abin da Littafi ke kira bege ke nan. A bakin Bahaushe, bege shi ne marmarin wanda ake ƙauna da ba ya kusa, kuma iyayenmu da suka koyi karatu da tsohon juyi sun riƙe kalmar da kyau. Muna kuma cewa sa zuciya. Ko wacce muka ɗauka, ta bambanta da fata. Fata shi ne a ce wataƙila baɗi ta fi bana, wataƙila sabuwar gwamnati ta gyara. Wannan yakan cika, yakan kuma fāɗi, mun ga duka biyu tun daga mulkin soja har na farar hula. Bege yana tsaye a kan wanda ya yi alkawari, shi ya sa yakan fitar da azurfa ya kira shaidu. Iyayen da suka kwaɓa ƙasar ginin farko a shekarar fari, gonar Anatot suka saya. Da yawansu ba su ga wannan rufin kwano ba, balle lasifika. Mu ne 128 ɗinsu.

A nan dole mu yi gargaɗi. An sami masu wa'azi da ke cewa duk wanda ke cikin talauci ko ciwo, bangaskiyarsa ce ta kāsa, kuma in ya shuka kuɗi a hannunsu kafin ƙarshen shekara zai girbe mota a sabuwa. A watan Disamba kasuwarsu ta fi ci. Ku tambaye su, bangaskiyar Maryamu ce ta kāsa da ta kawo tsuntsaye biyu? Habakuk ya rufe littafinsa da lissafin gonar da ba ta yi ba da garken da ya ƙare, amma ya ce duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Rabaran Lawan Andimi na Michika, wanda aka sace a farkon Janairu na 2020, 'yan kwanaki bayan Kirsimeti, ya yi magana a hoton bidiyo daga hannun waɗanda suka kama shi. Ya nuna yana fatan komawa ga iyalinsa, ya kuma nuna ko bai koma ba ya dangana ga nufin Allah. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Wa zai tsaya ya ce wannan bawan Allah bai da bangaskiya?

Sai maganar salama. A zamanin da aka haifi Yesu, Roma tana taƙama da zaman lafiyar da Augustas ya kawo, har majalisarsu ta gina wa salama bagade na musamman a birnin, 'yan shekaru kafin haihuwar. Zaman lafiya ne na takobi: kowa ya yi shiru don ya san abin da zai same shi in ya ɗaga kai. Mala'iku kuwa ba fāda suka je ba. Makiyaya masu kwana a daji suka samu da shelar salama. Mu Hausawa mun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma gaskiya ne. Muna addu'a dominsa, muna kuma da hakkin mu nemi hukuma ta tsare rayuka da dukiyoyi, gama aikinta ke nan bisa ga Romawa sura 13, ba alfarma ba ce. Amma salamar da Yesu ya ce ya bar wa almajiransa a Yohanna sura 14, ya faɗe ta ne a daren da za a bashe shi, kuma ya bambanta ta da irin wadda duniya ke bayarwa. Bulus ya rubuta wa Filibiyawa game da ita yana ɗaure da sarƙa, a garinsu ne ma aka taɓa yi masa bulala tare da Sila aka jefa su kurkuku. Ya ce su kai damuwarsu ga Allah cikin addu'a da godiya, salamar Allah za ta tsare zukatansu. Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci ta soja ce mai gadin ƙofar gari. Ba a sa maigadi inda babu ɓarawo. Bulus ya san damuwa za ta zo da ƙarfe biyu na dare, lokacin da kake lissafin kuɗin makaranta na Janairu. Abin da ya ce shi ne akwai mai tsaron ƙofa.

Wannan salama tana da aiki a waje kuma. Wanda aka ƙone masa gida, aka kashe masa ɗa, ba za mu tsaya a kan bagade mu ce masa gafara abu ne mai sauƙi ba. Wasu shekara da shekaru suke kokawa da ita. Amma muna roƙon matasanmu, kada ku bari wani ya ɗora laifin mugu a kan maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba. A watan Yuni na 2018, lokacin da aka kai hari a yankin Barkin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci sama da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Al'adar nan da muka gāda, ta aika wa maƙwabta Musulmi kwanon shinkafa da cincin ranar Kirsimeti, su ma su aiko da nama da Sallah, wasu unguwanni sun bar ta ta mutu. Ko kwanon ya ƙanƙance bana, a aika yaro da shi.

Akwai wani abu da ke damunmu a matsayin makiyaya, kuma tun da yau ranar iyali ce za mu faɗe shi. Kowace shekara ranar Kirsimeti akwai kujerun da ba kowa, ba don masu su sun yi tafiya ba. Suna gida. Uwa ba ta sami kuɗin ankon zumunta ba, yara ba ɗinki, sai ta ce kanta na ciwo. Gwauruwa tana jin ganga daga ɗaki, ta tuna bara da maigidanta aka yi, ta ja ƙofa. Wani kuma ya ci bashin ruwa don ya shiga watanda kada a raina shi, ya yi Janairu da Fabrairu yana ɓuya. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma bashin da aka ci don idon mutane ba dole ba ne. Idan ranar haihuwar wanda aka naɗe da tsumma ta zama ranar da talaka ke jin kunyar shiga gidan Ubansa, to, laifin ba na talakan ba ne. Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata da na mawaƙa su duba maganar anko. Wanda ya wanke tsohuwar rigarsa ya zo, ya cika sharaɗi.

Bulus ya shaida wa Korantiyawa cewa ekklesiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci suka roƙa a bar su su sa hannu a gudummawar 'yan'uwa na Yahudiya. Ba wanda ya yi ƙanƙanta da bayarwa. Mai mudu ɗaya na gero yana da abin kawowa. Sai dai abin da ya faru a Abuja da Okija ya koya mana cewa yadda ake bayarwa yana da muhimmanci. Kada a tara mabukata a layi a bakin ƙofa, kada a ɗauki hotonsu. Dattawa da shugabannin mata sun san kowane gida a wannan ekklesiya. A kai da yamma, a zauna, a gaisa, a yi addu'a, a ajiye a tafi. Gidan da aka yi rashi a wannan shekara, kada a bar su su ci abincin Kirsimeti su kaɗai, ko a ɗauko su ko a je musu.

Kuma tun da ƙahon jubili muke busawa, bari mu busa shi yadda aka rubuta. A cikin ɗakin nan akwai mai riƙe da gonar ɗan'uwansa jingina, shekara da shekaru, ya ci amfanin da ya ninka kuɗin da ya bayar. Akwai mai bin gwauruwa bashin da mijinta ya bari. Akwai gidaje biyu da ba sa gaisawa saboda iyakar gona, kuma dukansu suna zuwa teburin Jibin Ubangiji. Ba za mu kira suna ba, kowa ya san kansa. Ba doka muke kafawa ba, ekklesiya ba kotu ba ce. Amma wanda Ruhu ya taɓa zuciyarsa, dattawa a shirye suke su zama shaidu, kamar shaidun Irmiya, a rubuta a takarda cewa an mayar ko an yafe. Za su zauna a ofishin fasto kowace yamma daga gobe har jajibirin Kirsimeti, kuma abin da aka yi a can zai tsaya a can, sai in mai shi ya so ya ba da shaida da bakinsa.

 Ubangiji ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya. Amin.